Wa Yake Auna Abin Da Ke Fita Daga Bututu?

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

 

Yau kotu za mu shiga. Waɗanda ke gaban alƙali kuwa manyan kamfanoni ne masu ofis da akawu da lauyoyi, waɗanda sana'arsu ita ce karɓar ƙazantar mutane, najasa ce ko dagwalon masana'anta, su tace ta, su kashe dafinta, sannan su sake ta cikin kogi ko teku. Biyansu ake yi a kan wannan aiki, kuma hukuma ce ta ba su lasisi. To idan suka karɓi kuɗin, suka juye ƙazantar yadda ta zo, wa zai sani? Idan an sani, da wace hujja za a kai su kotu? Za mu je Ingila, mu biyo ta Abijan, sannan mu dawo gida.

(KIƊA KAƊAN)

Bari mu fara da ita takardar. Da yawanmu idan aka ce lasisi, abin da ke zuwa mana a rai shi ne wata takarda mai hatimi da ake sakawa a gilashi a rataye a bangon ofis. Lasisin matatar najasa ya wuce nan. Shafuka ne da yawa, kuma abin da ke cikinsu sharuɗɗa ne. Ta wannan bututun kaɗai za ka saki ruwa. Lita kaza za ka tace a kowace daƙiƙa. Laka da guntayen ƙazanta da ke cikin ruwan da ka saki kada su wuce awo kaza. Sinadarin ammoniya kada ya haura kaza. Za ka riƙa ɗibar samfurin ruwan ana gwadawa, ka rubuta sakamakon a littafi, kuma idan inji ya lalace ka sanar da hukuma nan take. Duk wanda ya karɓi lasisi ya sa hannu ne a kan waɗannan, kuma karya ɗaya daga ciki laifi ne da ake kai mutum kotu a kansa.

Me ya sa ake wannan ƙididdiga haka? Sai mun leƙa cikin matatar. Ruwan najasa idan ya iso, da farko ana bi da shi ta cikin ragar ƙarfe, ta tare tsumma da leda da sauran tarkace. Daga nan sai manyan tankuna inda ake barinsa ya natsu, mai nauyi ya kwanta a ƙasa a kwashe. Sai mataki na uku, wanda shi ne zuciyar aikin: ana hura iska cikin ruwan domin wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani su yi yawa, su cinye ragowar ƙazantar. A sake barinsa ya natsu, sannan a sake shi. Kowane mataki kuɗi yake ci, ga wutar lantarki, ga gyaran famfo, ga albashin ma'aikata. Idan aka tsallake matakan aka zuba ɗanyar najasa a kogi, waɗancan ƙananan halittu a cikin kogin za su yi aikinsu, su zuƙe iskar oksijin da kifi ke shaƙa. Shi ya sa ake wayar gari a ga kifaye sun taso saman ruwa, ciki a sama, ba tare da kowa ya zuba musu guba ba. Shaƙewa suka yi.

Akwai wani sharaɗi guda da nake so a riƙe, domin a kansa shari'armu ta farko ta tsaya. A yawancin tsofaffin garuruwan Ingila, ruwan sama da ruwan masai bututu ɗaya suke bi. Idan aka tafka ruwa, abin da ke isa matata ya kan fi ƙarfinta. Saboda haka lasisi ya yarda a karkatar da rarar zuwa wani babban tankin ajiya, idan ruwa ya ɗauke a mayar da shi a tace. Idan tankin ma ya cika kuma ruwa bai tsaya ba, an yarda ya tumbatsa zuwa kogi, don kada najasa ta koma ta ɓullo a gidajen mutane. Uzuri ne na ranar ruwan sama. A ranar da gari yake wasai, babu wannan uzuri.

To, a kudancin Ingila akwai kamfani mai suna Southern Water, ɗaya daga cikin kamfanonin da suka gaji aikin ruwa da najasa bayan gwamnati ta sayar da shi ga 'yan kasuwa a 1989. A gaɓar tekun yankin Kent kuwa akwai masu kiwon wasu halittun ruwa masu ɓawo biyu, dangin katantanwa, waɗanda Turawa ke ci ɗanye kuma suke saye da tsada. Waɗannan halittu tsotsar ruwa suke yi su tace abincinsu, don haka duk abin da ke cikin ruwa sai ya taru a jikinsu. Da aka gwada su aka sami ƙwayar cutar da ke fitowa daga bayan gida, sai Hukumar Kula da Muhalli ta Ingila ta fara bin sawu. Binciken da ya biyo baya shi ne mafi girma da hukumar ta taɓa yi zuwa wannan lokaci.

Abin da aka gano shi ne, tsakanin 2010 da 2015, daga wurare 17 a yankunan Kent da Hampshire da Sussex, an saki najasa ba bisa ƙa'ida ba har sau 6,971. Da aka haɗa tsawon lokacin, ya kama awa 61,704. Ku lissafa, ya haura shekara bakwai ana kwarara dare da rana ba tsayawa. Yawanta kuma an ƙiyasta tsakanin lita biliyan 16 zuwa 21. Tankunan nan na ajiya da ya kamata a riƙa kwashewa bayan ruwan sama, a wasu wuraren an bar su cike, abin da ke ciki ya ruɓe ya yi baƙi, kuma daga nan yake malalowa zuwa teku inda mutane ke iyo, masunta ke kamun kifi.

Yanzu tambayar da na fi so mu tsaya a kanta. Ta yaya abu irin wannan zai yi shekara shida a ƙasar da ke da hukuma da jami'ai da ɗakunan gwaji? Amsar tana cikin wani sauyi da aka yi a 2009. Daga wannan shekara aka bar wa kamfanonin su riƙa ɗibar samfurin ruwansu da kansu, su gwada, su aika wa hukuma sakamako. An ce ai za a rage kashe kuɗi. Mu dai a nan mun san sunan wannan tsari, an ba kura ajiyar nama.

Ga yadda aka ci naman. Hukumar Ofwat, mai sa ido kan kuɗi da farashin kamfanonin ruwa, ta yi nata binciken daban, kuma a 2019 ta bayyana wata dabara da aka riƙa yi a wasu matatun kamfanin. Ƙa'ida ta ce idan mai ɗibar samfur ya zo ya tarar babu ruwan da ke fita daga bututu, to babu abin da za a gwada, kuma ba a rubuta cewa matatar ta faɗi gwaji. Sai ya zama idan ana tsoron ruwan ranar ba zai ci gwaji ba, a san yadda za a yi a tsayar da fitarsa, har da kwashe shi a tankar mota a kai wata matatar. Mai kwalba ya zo, ya leƙa, bututu a bushe, ya rubuta babu ruwa, ya shiga mota ya tafi. A takarda komai lafiya lau. A kan wannan Ofwat ta sa kamfanin ya fitar da fam miliyan 126, wanda fam miliyan 123 daga ciki rangwame ne da aka mayar wa masu biyan kuɗin ruwa.

Su ma jami'an muhalli ba da sauƙi suka sami hujja ba. Da suka je karɓar littattafan aiki a wasu matatu, an hana su, an kulle takardu, har daga baya kotu ta sami wasu ma'aikata da laifin hana jami'ai yin aikinsu. Ku lura da abin da ake kokawa a kansa: littafi. Ita najasar da aka zuba shekara uku da suka wuce, teku ya tafi da ita, babu mai kawo ta gaban alƙali. Abin da ya rage shi ne rubutun ma'aikacin dare cewa famfo kaza ya tsaya ƙarfe biyu, da alƙaluman na'urar da ke auna ruwan da ke shiga da fita. Aka ɗauki waɗannan aka jera su da bayanan hukumar hasashen yanayi, rana bayan rana. Tanki ya tumbatsa ran Talata, an yi ruwa ran Talata? Ba a yi ba. Laifi ɗaya ke nan. Haka aka bi har aka tara dubu shida da ɗari tara da saba'in da ɗaya.

Kamfanin ya amsa tuhuma 51. Lauyoyinsa sun ce sakaci ne da gazawa, ba da gangan ba ne. Mai shari'a Jeremy Johnson na kotun Canterbury bai karɓi wannan ba. Ya ce an yi ne da sani, kuma kamfanin ya amfana da kuɗin da bai kashe wajen gyara ba. Ya kuma tuna cewa kafin wannan shari'a an riga an hukunta kamfanin ko an ja masa kunne sau 168, bai daddara ba. Ranar 9 ga Yulin 2021 ya ci shi tarar fam miliyan 90.

(KIƊA NA TSAKIYAR SHIRI)

Jama'a, idan yanzu kuka kama mu, shirin muhalli da lafiyar al'umma kuke saurare, kuma muna magana ne a kan yadda ake gurfanar da masu sana'ar tace ƙazanta idan sun karya sharuɗɗan lasisinsu.

Abu biyu ne a dokar Ingila suka sa irin wannan shari'a take yiwuwa. Na farko tsoho ne. A 1972 an yi shari'ar wani kamfanin takarda mai suna Alphacell, wanda ganyaye da ƙaya suka toshe masa famfo, tankinsa ya cika ya malala cikin kogin Irwell. Kamfanin ya ce bai sani ba, bai kuma yi niyya ba. Kotun ƙoli ta lokacin ta ce wannan ba kariya ba ce: kai ka gina tanki a bakin kogi, kai ke gudanar da shi, abin da ya fita daga cikinsa naka ne. Wato mai gabatar da ƙara ba sai ya tona zuciyar kowa ba, ya ishe shi ya nuna cewa abin ya fita kuma lasisi bai yarda ba. Maganar niyya sai an zo yanke hukunci.

Na biyun sabo ne. Kafin 2014 tarar da ake cin waɗannan kamfanoni ba ta taka kara ta karya ba, har sun mayar da ita wani ɓangare na kuɗin gudanar da aiki, kamar kuɗin wuta. A wannan shekara aka fitar wa alƙalai sabon ma'auni, aka ce su duba girman ɓarnar, su duba ko ganganci ne ko sakaci, kuma su duba yawan kuɗin da kamfani ke juyawa a shekara. Daga nan lissafi ya sauya. A watan Maris na 2017 aka ci kamfanin Thames Water tara da kuɗin shari'a na sama da fam miliyan 20 saboda najasar da ya saki cikin kogin Thames da rassansa, sai kuma ga ta Southern Water ta ninka wannan fiye da sau huɗu.

Kada dai a ɗauka an gama. A ƙarshen 2023 aka kammala saka na'urar awo a kan dukkan bututun ambaliya na Ingila, kuma alƙaluman wannan shekara sun nuna an saki najasa na tsawon awa miliyan 3.6. Ba duka ne ya saɓa wa lasisi ba, amma adadin ya tayar da hankalin jama'a. Kuma a shari'ar fam miliyan 90 ɗin nan, kamfani aka ci tara, babu shugaba ɗaya da ya kwana a gidan yari. A ganina nan ne raunin yake. Kamfani ba ya jin kunya, ba ya jin sanyin siminti. Mutum ne ya ce a bar famfo ba gyara, mutum ne ya ce a kira tanka, kuma idan ya san iyakar abin da zai faru shi ne a cire kuɗi daga asusun da ba nasa ba, gobe ma zai sake. Sai a 2025 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyu ga shugabannin da suka hana bincike, ta kuma ba da ikon hana su kuɗin garaɓasa.

Mu taho nahiyarmu, inda aka ɗaure mutum, amma ku ji wanda aka ɗaure.

A watan Yulin 2006 wani jirgin ruwa mai suna Probo Koala, wanda kamfanin cinikin mai Trafigura ya yi haya, ya shiga tashar Amstadam ta ƙasar Holan. A cikinsa akwai dagwalon da ya rage bayan an wanke wani ƙazamin fetur da soda mai ƙuna. Wani kamfanin Holan mai lasisin tace irin wannan shara ya fara karɓa a kan yuro 27 kowace lita 1,000. Wari ya tashi, aka gwada abin, kamfanin ya ce wannan ya fi ƙarfin farashin farko, sai dai yuro 1,000 a kan kowace lita 1,000. Trafigura ya ce ya yi tsada. Aka mayar da dagwalon cikin jirgi, ya tashi. Ya biya ta Istoniya, ya tsaya a Legas ba a sauke shi ba, sannan ya isa Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa ranar 19 ga Agusta.

A can wani ƙaramin kamfani mai suna Tommy ya karɓi aikin. Lasisinsa bai fi 'yan makonni da fitowa ba, kuma ba shi da wurin tace komai. Aikin da aka nemi kusan rabin miliyan na yuro a Holan, shi ya karɓe shi a kan abin da bai kai dala 17,000 ba. Duk mai hankali ya ji wannan farashi ya san ba tacewa za a yi ba. Aka ɗauko tankokin haya, cikin dare suka bazu a gari, suka juye fiye da lita 500,000 a babban jujin Akouédo da wasu wurare kusan 18, bakin hanya, cikin kwata, kusa da gidajen mutane. Gari ya waye da warin ruɓaɓɓen ƙwai, ido na zafi, ana amai, ana haɓo. Fiye da mutum 100,000 suka je asibiti, kuma hukumomin ƙasar sun ce aƙalla mutum 15 sun mutu. Majalisar ministoci ta yi murabus a watan Satumba.

Sai hukunci. A watan Fabrairun 2007 Trafigura ya biya gwamnatin Kwaddibuwa sefa biliyan 100, ba tare da ya amsa laifi ba, aka saki manyan jami'ansa da ke tsare, aka kuma yi yarjejeniyar ba za a bi shi da shari'a ba. A watan Oktoban 2008 kotun Abijan ta yanke wa shugaban Tommy, Salomon Ugborugbo, ɗan Najeriya, ɗaurin shekara 20, wani wakilin jiragen ruwa kuma shekara 5. A 2009 Trafigura ya sasanta da masu ƙara kusan 30,000 a Landan a kan fam miliyan 30, kuma a 2010 wata kotun Holan ta ci shi tarar yuro miliyan 1 saboda fitar da sharar ba bisa ƙa'ida ba da ɓoye haɗarinta. Don adalci, kamfanin ya ci gaba da musanta cewa dagwalon zai iya kisa ko jawo mummunar cuta, yana cewa shi ya miƙa aikin ne ga kamfani mai lasisi.

Ku ji wannan kariyar da kyau: kamfani mai lasisi. Wani jami'i ne ya zauna a ofis ya buga wa Tommy hatimi. Da ya tashi daga kujera ya je ya ce a nuna masa tankin da za a tace dagwalon, da ya ga babu. Hatimin nan da aka buga ba a duba ba, shi ya zama laimar da babban kamfani ya fake a ƙarƙashinta.

(KIƊA KAƊAN)

Mu a Najeriya mun riga Abijan ɗanɗanawa. A 1988 aka gano dubban gangunan shara mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a wani fili a garin Koko, a jihar Bendel ta lokacin, Delta a yanzu, ana biyan mai filin dala 100 a wata. Ɗaliban Najeriya da ke karatu a Italiya ne suka tsegunta wa jaridu. Gwamnatin Janar Babangida ta kira jakadanta daga Rum, ta matsa har aka kwashe sharar aka mayar. A shekarar aka yi doka mai lamba 42 wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai safara ko zubar da shara mai guba, aka kuma kafa hukumar FEPA. A 2007 hukumar NESREA ta gaje ta, kuma a 2009 aka fitar da ƙa'idoji na musamman, ciki har da na masana'antun tufafi da fata, da na tsabtar muhalli da shara. Masana'anta mai fitar da dagwalo wajibi ne ta tace shi kafin ta sake shi, ta nemi izinin saki, kuma a riƙa binciken muhallinta duk shekara uku. Jihohi ma suna da nasu ma'aikatun da hukumomin. A takarda ba mu rasa komai ba.

Amma mutumin Kano ba sai an ba shi labari ba. Duk wanda ya bi ta Sharaɗa ko Challawa ko Bompai ya san launin ruwan da ke bin magudana, yau shuɗi, gobe ja, jibi baƙi ƙirin, hancinsa ma ya sani tun kafin idonsa. Jimar fata ta zamani da sinadarin kuromiyam ake yin ta, kuma shi ƙarfe ne, ba ya ruɓewa, sai dai ya taru a laka da ƙasa. Na Sharaɗa da Challawa kogin Challawa yake nufa, na Bompai ya bi ta Getsi ya haɗu da Jakara. A gefen waɗannan ruwaye kuma 'yan lambu ne ke ban ruwa, latas da kabeji da alayyafo, washegari suna kasuwa. Manomin ba shi da laifi, ruwan da ya tarar shi yake ja.

Akwai kuma waɗanda suka fi kusa da kowane gida, masu motar kwasar masai. Maigida, ranar da ka kira su suka zuƙe ramin gidanka ka biya, ka taɓa tambayar direba ina zai kai? Akwai wuraren da hukuma ta ware. Akwai kuma kududdufin bayan gari da babbar kwata, waɗanda suka fi kusa kuma ba a biyan komai. Idan farashin wani ya yi ƙasa da na kowa sosai, yana da kyau a tambaya dalili. Haka sharar asibiti, allura da auduga mai jini, wadda ya kamata a ƙone a murhu na musamman, amma a kan tsinci irinta a bola inda yara 'yan jari-bola ke tona da hannu.

Labarin da muka saba ji a kafafen yaɗa labarai shi ne an rufe masana'anta kaza, an saka mata kwaɗo, an ɗauki hoto. Bayan mako biyu ka wuce ka ga hayaƙi na tashi. Da wane sharaɗi aka buɗe? An gyara matatar? Nawa aka biya, a asusun wa? Rufewa tana da amfaninta, amma shari'a a buɗaɗɗiyar kotu ta fi ta, domin a nan ne ake karanta alƙaluma a gaban kowa, a rubuta hukunci, na gaba ya san farashin laifi. Ita kuma shari'a ba ta tsayuwa a kan cewa ruwan yana wari. Lauyan kamfani zai tambaya, wa ya ɗebi samfurin, ran nawa ga wata, ƙarfe nawa, daga wane bututu, wa ya riƙe kwalbar daga nan zuwa ɗakin gwaji, kuma ta yaya aka san ba daga maƙwabciyar masana'anta ruwan ya fito ba? Jami'in da ba a ba shi mota da mai da kayan gwaji ba, wanda wani lokaci ma masana'antar da zai bincika ce za ta aiko a ɗauke shi, ba zai iya amsa waɗannan ba. Dattawanmu suna tuna zamanin duba-gari, wanda yake shiga gida ya buɗe randa ya leƙa da idonsa, ba ya tsayawa a zaure ya tambayi maigida ko ruwansa na da tsabta.

To mu da ba mu da hatimi fa? A Ingila wani farfesa mai ritaya, Peter Hammond, tare da wata ƙungiyar mazauna gefen kogin Windrush, sun yi amfani da dokar neman bayanai suka karɓi alƙaluman matatu, suka zauna da kwamfuta suna gwada su da ranakun ruwan sama, suka fito da ɗimbin saki na haram da hukuma ba ta lura da su ba. A watan Nuwamban 2021 hukumomi suka buɗe bincike a kan matatu fiye da 2,000. Mu ma muna da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukumar gwamnati kwana bakwai ta amsa buƙata. Ƙungiyar unguwa ko ta manoman rani za ta iya rubuta wa NESREA ta nemi sanin ko masana'anta kaza na da izinin sakin dagwalo, da sakamakon gwajinta na ƙarshe.

Kafin nan ma, a sami littafi guda a ajiye a hannun mai unguwa ko sakataren ƙungiya. Duk ranar da ruwa ya sauya launi ko wari ya tashi, a rubuta kwanan wata da lokaci da wurin. A ɗauki hoto da waya, bakin bututun ya fito a ciki, idan tanka ce lambarta ta fito. Kada a taɓa ruwan da hannu, kada a tura yara, kada kuma a yi fito-na-fito da direba ko maigadi. Ɗibar samfur a bar wa masu safar hannu da kayan aiki, a nemi taimakon malaman kimiyya na jami'a ko kwalejin da ke kusa. Idan za a kai ƙorafi ma'aikatar muhalli ta jiha ko ofishin NESREA, a kai shi a rubuce, kwafi biyu, a sa a buga hatimin karɓa a kan ɗaya a dawo da shi gida.

Lokaci ya cim mana. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba sharar asibiti da yadda ya kamata a ƙone ta. 

(KIƊAN RUFE SHIRI)